WA YA CE SAI SABON IDO?

Yau maganar kyamara na kawo mana, kuma na san wata za ta taɓe baki ta ce, ita kuma wannan me ya haɗa ta da kyamara, ba ta tsaya ga rubutun littattafanta ba? To ki yi haƙuri ki bi ni har ƙarshe, domin maganar ta shafi aljihunki, ko ke ce mai ɗaukar hoton ko ke ake ɗauka.

Duk wadda ke zuwa biki a 'yan shekarun nan ta ga yadda 'yan mata suka fara rataya kyamara a wuya, kuma wallahi abin ya yi mini daɗi. Mun daɗe muna ƙorafi a kan yadda ranar kamu ko wunin biki, mata zalla sun caɓa ado sun ajiye mayafi, sai ga ƙato ya kutso tsakiyarsu wai shi mai hoto, yana ce wa amarya ɗago kai, juyo nan, yi murmushi. Ga kuma matan aure masu sana'a a cikin gida, masu atamfa da leshi, masu turaren wuta da humra, masu cincin da kek, masu lalle da kitso, kowacce tana bukatar hoto mai kyau na kayanta don ta nuna wa masu saye a waya. Ke nan kasuwa tana nan tana jiranmu. To me ya sa masu sha'awar suke da yawa amma masu farawa kaɗan? Saboda an tsorata su da kuɗi, kuma abin da aka fi tsorata su da shi shi ne idon kyamara.

Bari in yi bayani don wadda ba ta sani ba. Kyamarar masu sana'a kashi biyu ce. Akwai gangar jikin da ake riƙewa, akwai kuma gilashin nan mai kama da gwangwani da ake ɗaurawa a gabanta, a cire a canza wani. Masu hoto suna ce masa lensi, ni kuwa idon kyamara nake kiransa, don ta nan take gani. Sau da yawa kuɗin idon nan yakan kai na gangar jikin, wani ma ya wuce. Akwai wani na kamfanin Canon mai milimita 50 da ya fito a 2018, kuɗinsa a lokacin ya haura dala 2,000, nauyinsa kuma ya kusa kilo guda. Ki lissafa dala 2,000 a kuɗinmu na yau ki gaya mini adashen shekara nawa ke nan. Irinsa ake nuna wa yarinya a ce mata in ba ta da shi ba ta shiga sahun masu hoto ba, sai jikinta ya yi sanyi ta koma gida ta haƙura.

Ni ra'ayina a fili yake, ba ɓoye-ɓoye. Mace mai fara sana'ar hoto da ɗan jarinta, ta nemi tsohon ido mai lafiya ta fara da shi, kada ta ci bashi, kada ta sayar da sarƙarta ko keken ɗinkinta don sabo. Duk wanda ya rantse miki cewa sai sabo, ki bincika da kyau, ko dai shago gare shi yana neman ciniki, ko kuwa burga ce ke ɗawainiya da shi.

Gangar kyamara kamar wayar hannu take, kayan lantarki ne a cikinta, bayan 'yan shekaru an daina yayinta. Shi kuwa tsohon ido gilashi ne da ƙarfe, ba batir ba waya. Hasken da ya ratsa shi a 1975 shi ne dai hasken da zai ratsa shi yau, rana ba ta canza hali ba. In an adana shi da kyau, aikin da ya yi wa kakanki shi zai yi miki. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Kada ki ce daɗin baki nake yi, ga shaidu. A nan Nijeriya an yi wani mai hoto, J.D. Okhai Ojeikere, an haife shi a 1930 ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya shiga ɗaukar hoton kitson mata iri-iri, ya tara wajen guda 1,000. In kika kalli hotunan nan za ki iya ƙirga tsagar kitso ɗaya bayan ɗaya, ki ga yadda aka naɗe zare a gashi, kuma yau ana rataye su a manyan gidajen nuna zane da hotuna a Turai da Amurka. Lokacin da ya fara aikin babu kyamara mai saita kanta a kasuwar duniya gaba ɗaya, don ta farko kamfanin Konica ne ya fito da ita a 1977. Da yatsunsa ya murza ya saita. A Bamako ta ƙasar Mali kuwa, Seydou Keita ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi, ya rataya zane mai fure a baya, mace ta zo da adonta ta zauna ko ta kishingiɗa. Har yau masu karatun hoto a jami'o'i suna nazarin aikinsa. Haka hoton yarinyar nan 'yar Afganistan mai koren ido, wanda Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan a 1984, ya fito a bangon mujallar National Geographic a 1985 ya zaga duniya. Da idon Nikon mai milimita 105 aka ɗauke shi, irin wanda ake murzawa da hannu. To in wannan ido ya isa bangon mujallar da duniya ke karantawa, shi ne zai gaza wa albam ɗin amaryar unguwarku? Haba jama'a!

Wata za ta ce, in har suna da kyau haka, me ya sa suke araha, ai araha ba ta ado? Tambaya mai kyau, kuma amsar tana cikin tarihi. A 1985 kamfanin Minolta na Japan ya fito da kyamara mai lamba 7000, wadda ke saita hoto da kanta, ta karɓu ƙwarai. Sauran kamfanoni suka bi sahu. A 1987 Canon ya canza bakin kyamararsa ɗungurungum, ta yadda tsofaffin idanunsa da ake kira FD suka daina shiga sababbin kyamarorinsa. Daga baya kuma fim ya ja baya, kyamarar zamani mai kati ta zo. Sai mutane suka zuba miliyoyin idanu masu lafiya a akwatuna da kasuwar gwanjo, alhali babu abin da ya same su. Yayi ne ya wuce su. Mu mata ai mun fi kowa sanin wannan, leshin da aka yi rububinsa bara, bana an karya masa kuɗi, kuma ko zare ɗaya bai zare ba.

Ana nan sai ga kyamara marar madubi a ciki ta shigo. Sony ya fito da A7 a 2013, Nikon da Canon suka fito da manyan nasu a 2018. Tsohuwar kyamara tana da madubi a cikinta mai ɗagawa yana sauka, shi ya sa ido ke zama nesa da fim da wajen milimita 45. Marar madubin kuwa tazararta milimita 16 zuwa 20 ce kawai. Saboda haka abin da ake bukata ɗan zoben ƙarfe ne mai rami, ana ce masa adafta, ya cike tazarar da ta rage, shi ke nan tsohon ido ya zauna daram a sabuwar kyamara. Adaftar nan ko gilashi babu a cikinta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Kin san su wa suka fi mu gane wannan? Masu kuɗin da suka fi kowa kuɗi. Akwai wani ido mai suna Helios 44, milimita 58, wanda aka fara ƙerawa a Tarayyar Sobiyet a 1958, an kwaikwayo shi ne daga wani na kamfanin Zeiss na Jamus mai suna Biotar. An ƙera miliyoyinsa, ana haɗa shi da kyamarar Zenit ta talakawa. Halinsa shi ne in an buɗe shi sosai, fuskar mutum ta fito, bayansa kuma ya narke ya yi kamar yana juyawa. Greig Fraser, wanda ya riƙe kyamara a fim ɗin The Batman na 2022 da Dune kashi na biyu na 2024, ya yi amfani da irin waɗannan tsofaffin idanu na Sobiyet a wasu sassan finafinan. Mutumin da in ya ce a kawo masa ido mafi tsada a duniya kafin ya rufe baki an kawo, shi ne ya koma ga na gwanjo. Mu kuma da muke haɗa kuɗi da adashe, mu ne ake ce wa abin kunya ne a gan mu da shi. Ikon Allah!

Ga wani lissafi kuma da mai shago ba zai yi miki ba. A cikin kowane ido akwai ƙofar da haske ke shiga, ana buɗe ta ana tsuke ta, kuma ana rubuta girmanta da lamba bayan harafin f. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idon da aka saba haɗowa da sabuwar kyamara, mai milimita 18 zuwa 55, in kika janyo shi ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Shi kuwa tsohon Helios yana buɗewa har f/2, wato yana shigar da haske ninki 8 a kan wancan. Ki tuna a ina muke ɗaukar hoto: ɗakin amarya mai taga ɗaya, falo an ɗauke wuta, tsakar gida bayan la'asar. A irin wuraren nan haske shi ne jari, kuma tsohon da aka raina ya fi sabon na cikin kwali tara shi. Akwai ma na Pentax da Nikon da Minolta da Olympus masu milimita 50 da ke buɗewa f/1.8 ko f/1.4, duk suna nan a kasuwar na hannu.

Sai babban abin da ke ba ni haushi. Abin da ake yi wa sabon ido kirari da shi shi ne kaifi, wai yana fito da komai tas. Gaskiya ne yana fitarwa, har ƙofofin gashi da ƙurjin da hoda ta rufe da layin da gumi ya bi. To daga nan sai me? Sai mai hoto ya koma kan kwamfuta ya kwana yana goge abin da ya biya maƙudan kuɗi don ya gani. Ya goge, ya goge, har fatar amarya ta koma kamar ta 'yar tsanar roba, baƙa kyakkyawa ta koma fara fat, uwar da ta haife ta ma sai ta ƙura ido kafin ta ce wannan 'yata ce. Na san laifin na hannun mai gogewa ne, amma ki duba wautar: an sayi kaifi da tsada, an zo an zubar da shi. Bayan haka a tura hoton ta WhatsApp, shi kuma ya matse shi ya rage masa nauyi, a kalle shi a fuskar waya da ba ta wuce tafin hannu ba. Don Allah a nan wa zai bambance idon dala 2,000 da wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa ba? Tsohon ido in an buɗe shi yana da ɗan taushi, yakan sassauta wa fata ba tare da ya sauya wa mace kama ba. Ni kam na fi son jikokina su ga fuskata yadda Allah ya yi ta.

Yanzu bari in ba masu ja da ni haƙƙinsu, don ba na son a ce na yi son kai. Za su ce sabon ido shi ke saita kansa cikin ƙiftawar ido, sababbin kyamarori ma ƙwayar idon mutum suke nema su bi ta duk inda ta yi. Za su ce wasu suna da na'urar rage rawar hannu, wasu an toshe su ƙura da yayyafi ba sa shiga da sauƙi, ga takardar garanti. Za su ce in fitila ta haske shi kai tsaye ba ya yin hazo kamar tsoho. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Za su ƙara da cewa biki ba ya jira, amarya sau ɗaya take shigowa, in hoton ya yi dishi-dishi ba za a ce ta koma ta sake shigowa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ita ce hujjarsu mafi ƙarfi.

Amma ga amsata. Malick Sidibe, shi ma ɗan Bamako, ya yi suna ne da ɗaukar samari da 'yan mata suna tiƙar rawa da daddare a shekarun 1960, ana tsalle ana juyi, da kyamarar da ake saitawa da hannu da filasha. Hotunan nan su suka kai shi ga lambar yabo ta Zakin Zinariya a birnin Benis na Italiya a 2007. Dabarar da masu hoton da suke yi ba asiri ba ce. Ki ɗaura ido mai faɗi, kamar milimita 28, ki tsuke ƙofar zuwa f/8, ki ajiye saitin a mita 3, ki kunna filasha. Duk wanda ya tsaya daga wajen mita 2 har zuwa bayan mita 5 zai fito garau ba sai kin sake murza komai ba. Lambobin nan a rubuce suke a jikin tsohon ido don wannan aikin. Ban da haka, kyamarori marasa madubi suna taimaka miki, sukan zana ja ko rawaya a gefen duk abin da ya shiga saiti, kina murzawa kina gani.

Sannan ai ba cewa na yi ki jefar da ɗan idon da ya zo da kyamararki ba. Shi yana saita kansa, ki bar shi don lokacin rawa da liƙi da shigowar amarya. Tsohon kuma ki fito da shi lokacin da aka zauna: amarya a bakin gado, hannu da ƙafa an sha lalle, jere, kayan lefe, jariri ranar suna, kwalbar humra, farantin alkaki. Ki duba da kyau za ki ga hotunan da ake biya da daraja, ake sa wa firam a rataye a falo, yawancinsu na zaune ne. In kuma idonki ba shi da ƙarfi, ko aikinki ɗaukar dawakai ne ranar hawan Sallah, to ke kam mai saita kansa ya dace da ke, kuma ko a nan ba sai kin je ga mai tsadar ba. Canon yana da ɗan ƙaramin milimita 50 mai f/1.8 da ya fito a 2015 a kan wajen dala 125, yana saita kansa, kuma sauran kamfanoni ma suna da irinsa. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da nake yaƙi da shi shi ne a ce mace ta fara sana'a da ƙaton bashi a wuya tun ba ta ɗauki hoto ɗaya an biya ta ba.

Na ga irin haka da idona. Wata yarinya 'yar maƙwabtanmu ta kwashi adashenta ta tafi sayen kayan aiki, ta riga ta yanke abin da za ta saya daidai ƙarfinta. Mai shagon ya kalle ta ya yi dariya, ya ce, "Ƙanwata, da wannan za ki je gidan manya? Ai raina ki za su yi." Ya yi ta zuga ta har ta ɗauki wanda ya ninka kuɗinta, ta ba da abin da ke hannunta, saura a biya wata-wata. Watanni ta yi tana aiki, duk abin da ta samu shagon yake tafiya, ga azumi ya zo bukukuwa sun tsaya, shi kuwa biya ba ya tsayawa. Ƙarshenta ta sayar da kayan a faɗuwa ta biya bashi. Yarinya mai ido da basira, yanzu ko zancen hoto ba ta son a yi mata. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma wani amfani da ba a faɗa. Tsohon ido malami ne. Tunda ba zai yi miki komai da kansa ba, dole ki koyi me ƙofar haske ke yi, me ya sa baya ke narkewa, daga ina haske ya kamata ya faɗo a fuska. Wadda ta koya a haka, ranar da ta riƙe sabo za ta juya shi yadda take so. Wadda kuwa ta fara da mai yi mata komai, ranar da ya rikice a tsakiyar taro sai dai ta tsaya tana zare ido.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya tsufa zuma ne. Yanzu an sami wasu 'yan yayi a ɗaya ɓangaren, tunda suka ji Holiwud ta taɓa tsohon ido suka ɗaga masa kuɗi, suna yi masa kirari kamar laya. Su ma ban bar su ba. Tsohon ido ba zai gyara hoton da aka ɗauka a mummunan haske ba, kuma in kuɗinsa ya kamo na sabo mai saita kansa, to hujjar sayensa ta faɗi. Don haka in za ki saya, ga abin da za ki duba, kuma ki tafi da kyamararki, ba a sayen wannan kaya da ka.

Ki haska tocila ta baya ki leƙa ta gaba. In kin ga wani abu kamar yanar gizo-gizo ko saiwar ciyawa a ciki, fumfuna ce, tana cin gilashi, ajiye musu kayansu. In kin ga hazo kamar tururi ya kwanta, shi ma bar shi. 'Yar ƙura kaɗan ba komai, ƙaramin ƙarzani a gilashin gaba ma da sauƙi, na gilashin baya ne abin gudu. Ki murza zoben saiti, ya tafi sumul ba cijewa ba sakwarkwacewa. Ki buɗe ƙofar ki tsuke, ki ga ƙananan faifan suna motsi da sauri, ba maiƙo a jikinsu. Ki zaɓi mai tsayi ɗaya, kamar 28 ko 35 ko 50 ko 135, ki guji tsofaffin masu janyo nesa kusa, don a wannan fannin sababbi sun yi musu nisa. In da hali ki ɗauki na shekarun 1970 zuwa sama, domin a lokacin ne aka yawaita shafa wa gilashi rufi hawa-hawa mai hana hazo, kamar wanda Pentax ya fito da shi a 1971 mai alamar SMC.

Ki kula da baki kuma, don kowane kamfani da irin nasa. Marar madubi tana karɓar kusan kowanne da adaftar da ta dace. Canon mai madubi tana karɓar mai bakin M42, wanda ake murɗawa kamar murfin kwalba, tana karɓar na Nikon, amma tsohon FD na gidansu ba ya yi mata daidai. Nikon mai madubi kuwa gara ki tsaya ga na Nikon, tunda bakinsu ɗaya ne tun 1959, sai dai na kafin 1977 ba kowacce ke karɓarsu ba. Ki sani kuma a ƙananan kyamarori milimita 50 yakan matso da abu kamar 75 ko 80, ya yi kyau ga fuska amma ya yi matsi a ƙaramin ɗaki. Wasu kuma na shekarun 1960, kamar wani Takumar mai f/1.4, za ki ga gilashinsu ya yi rawaya saboda wani sinadari mai suna toriyom da ke fitar da tururin nukiliya ɗan kaɗan. Ana aiki da su, amma kada ki fasa, kada ki bar wa yara su yi wasa da shi suna kanga shi a ido.

In kin kawo gida, maƙiyansa biyu ne, laimar damina da ƙurar hunturu. Kada ki kulle shi a jaka ki cusa ƙarƙashin gado ko cikin sif wata da watanni, duhu da laima su ne abincin fumfuna. Ki sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin tsakuwar nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, ki riƙa fito da shi yana ganin haske. Kada ki canza ido a tsakar gida iska na kaɗawa, kada kuma ki goge shi da bakin zane ko gefen mayafi, ki hure ƙurar tukuna sannan ki sa ƙyallensa mai laushi. Ki nisanta shi da hayaƙin turaren wuta da na kicin.

Saura ku iyayen biki da ƙawayen amarya, don ku ma da laifinku a ciki. Ku ne in yarinya ta zo neman aiki kuke kallon girman abin da ta rataya, in kun ga ƙarami ku ce wannan ba ta ƙware ba, a kira wane mai ƙatuwar kyamara. Ku ne kuke tura su cin bashi don su burge ku. Yaushe aka taɓa zaɓen tela da girman kekensa? Ɗinkin da ya yi ake dubawa. Yaushe aka tambayi mai tuwon biki shekarar da aka ƙera tukunyarta? To haka za ku yi wa mai hoto, ku ce ta nuna muku aikin da ta yi a baya, ku duba ko fuskoki sun fito da kamanninsu, ko baƙa ta fito baƙa mai sheƙi, ko kalar atamfa ta fito yadda take. In aikin ya yi, ku ba ta, ku biya ta da kyau kuma a kan lokaci. Gani ya kori ji.

Ke kuma ƙanwata mai sha'awa, ki fara da abin da hannunki ya kai. Ki ɗauki ƙannenki da kayan sana'ar yayarki kullum har yatsunki su san zoben nan ko a duhu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da sana'a ta kankama, kuɗin sana'ar ya saya miki sabon ido, ki shiga shagon da kanki ki nuna wanda kike so ki biya lakadan, ba mai yi miki dariya. Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya raba mu da bashin da ba dalili. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.